Ƙaurar Maigidan Murhu

Jama'a a gyara zama, a toshe hanci! Ga Kaka Cuilan ta ƙauyen Pangjiagou, sarauniyar hayaƙi, uwar toka, wadda tarinta ke tada zakaru kafin su tada mutane. Shekara hamsin tana mulki a kan murhu ɗaya, murhun itacen nan da hayaƙinsa ke bi ta ƙarƙashin gadon bulo yana ɗumama shi. Yau kuwa ranar juyin mulki ce. Hukumar gunduma ta ɗauki nauyin yawancin kuɗin sabuwar na'urar ɗumama ɗaki mai aiki da lantarki, har an kafa ta a bayan taga. Sai dai da sharaɗi: ƙarfe sha biyu mai duba aiki zai zo ya ɗauki hoton tsohon murhu a rushe. In ya same shi tsaye, a soke suna, a kwance na'ura a kai gidan wani.

Jikanta Genbao, wanda bara ya kwana tara a ƙasan gadon asibiti saboda ƙirjinta, ya shigo da guduma a kafaɗa, ya tarar da ita zaune daram a kan murhun.

"Tsohuwa an tashi lafiya? Ya tarin, ya kwana?"

"Lafiya lau nake, sai da na ga fuskarka. Ina za ka da guduma, kai da ko ƙwai ba ka iya fasawa?"

"Sarauniya na zo saukewa daga karaga. Matsa."

"Zo ka matsar da ni. A bakin murhun nan na busar da tsumman ubanka yana jariri."

"Ashe shi ya sa har yau yake warin ƙauri."

"Ja'iri! Kai da makaranta ta maido mana kamar kwantan kasuwa, kai ne za ka koya mini zaman gida?"

"Kaka, sha ɗaya da kwata fa."

"Agogonka ma rawar kai gare shi irin naka. Da tsohuwar zuma ake magani."

"Zuma aka ce, ba toka ba. Wane magani murhun nan ya taɓa yi miki?"

Sai ta nuna bango da sandarta. "Shi fa?"

A saman murhun ga hoton takarda na Maigidan Murhu, wanda a al'adarsu shi ke zuba wa gida ido shekara guda cur, ran ashirin da uku ga watan ƙarshe a shafa masa alewa a baki, a ƙona shi ya hau sama ya kai rahoton mutanen gida.

"Saura wata biyu ya tafi," in ji ta. "Ka rushe masa gida yanzu, ina zai zauna? A titi? Me kake so ya je ya faɗa a kanmu?"

"Ai ni ya kamata in ji tsoron rahotonsa, ba ke ba."

"Ka kuwa ji. Yana kallo ranar da ka sace ƙullin nama goma sha ɗaya ka ce kyanwa ce."

"Kyanwar ta ci biyu."

"Tara fa?"

"Na taya ta ne, kar ta ƙware."

Ta danne dariya, amma ko gezau. Genbao ya saci kallon agogo, gumi ya tsatso masa duk da sanyin nan. In ya ɗauke ta cak, kafin yamma sunansa ya zaga ƙauye a matsayin wanda ya wulaƙanta kakarsa. In ya bar ta, wani hunturun hayaƙi ke nan, shi kuwa bai manta abin da likita ya faɗa masa a bakin ƙofa ba. Ya ɗaga kai ya ƙura wa hoton ido.

"Kaka, yaushe kika manna shi?"

"Jajiberin sabuwar shekara mana, kamar kullum. Sabo fil, ja wur."

"To nuna mini idonsa."

Ta waiwaya. Ta matso da fuska. Baƙi ƙirin, ko gemun ba a gani.

"Wata goma kacal," in ji Genbao, wannan karon ba wasa a muryarsa. "Takarda ke nan, ba ta numfashi. Ke shekara hamsin kina zuƙa."

Ta buɗe baki za ta rama, tari ya riga ta. Ya daɗe bai sake ta ba. Genbao ya ajiye guduma yana bubbuga mata baya har ya lafa.

"Kin gani?" ya ce. "Wane rahoto makaho zai kai? Ni fa ina zargin shi ya fara sa hannu a takardar neman na'urar, a ɓoye."

"Rufe mini baki, mara kunya." Ta miƙo hannu ya sauko da ita. "Kawo wuƙa. Kar ka taɓa shi da hannun ɓarawon naman nan."

A hankali ta ɓamɓare hoton, ta goge shi da hannun rigarta, ta manna shi a bangon da ke saman tukunyar lantarkin da za ta koma girki da ita. Sannan ta ɗauko alewa mai danƙo ta lafta masa a baki.

"Ai lokacin alewa bai yi ba."

"Wanda aka tasa ba shiri, tun yanzu ake toshe masa baki. Buɗe naka, ga ragowar."

Da alewa a baki ya ɗaga guduma. Dukan farko guduma ta zame, Kaka ta yi tsaki. Na huɗu murhu ya zube, toka ta turnuƙe ɗaki. Kafin ta lafa sai ga babur ɗin mai duba aiki a ƙofar gida. Ya ɗauki hoto, ya buga hatimi, ya danna maɓalli. Na'ura ta fara gurnani ƙasa-ƙasa, ɗumi ya soma ratsa ɗakin, ba hayaƙi ko na sigari.

Genbao ya sauke wata ajiyar zuciya da ta maƙale a ƙirjinsa tun kwana taran nan na bara. Ya haye tarin bulo, fuska fara fat da toka.

"A yi shaida! Ga Genbao, gagara-murhu, na gaban guduma, wanda ya kifar da daular shekara hamsin kafin sha biyun rana! Kaka, me za a ba gwarzo?"

Kaka Cuilan na zaune a gaban iskar ɗumi, ido a lumshe, ko buɗewa ba ta yi ba.

"Tsintsiya na bayan ƙofa."