Shaidar Mangwaro

"Ina gajiyar zama, tsohuwa? Don na san aikinki ke nan."

"Da sauƙi, Mai-alli. Lasar tukunya ka zo?"

Ba lasar tukunya ce ta kawo shi ba. Mai-alli malami ne a makarantar kan tudu, ta masu koriyar riga. Gidan kakarsa kuwa yana tsakaninta da makarantar bakin rafi, ta masu shuɗiya. Ƙanwarsa Auta, wadda Kaka ke riƙo, ta isa shiga aji, kuma ya ji ƙishin-ƙishin rafi za a kai ta. Abin ya dame shi ƙwarai, domin gari zai ce ko kakarsa ba ta yarda da koyarwarsa ba.

Ya ja kujera ya fara zuba: wai bana 'yan tudu sun kere na rafi a jarrabawa, wai tun da ya mayar da karatun labari bayan an dawo daga hutun ƙarfe tara, ba yaron da ke sulalewa.

"Yabon kai jahilci," in ji Kaka. "Kai da ka maimaita aji har benci ya san ka?"

"Son malamin nake yi. Ke kuwa ran da boko ya shigo garin nan, ƙarƙashin gado kika shige."

"Na shige, na kuma fito da hankalina. Kai naka fa?"

"Yana wurin haƙoranki, tare suka tafi."

Ta kai masa dukan mafici, ya goce. Sannan ta ce ita ba ruwanta da jarrabawa, mangwaron bayan gidanta ne alƙalinta. Makarantar da yaranta ke kan bishiya lokacin darasi, ai ba a tambayar abin da ake koya musu. Bara kuwa masu koriyar riga sun fi jemagu ɓarna.

Mai-alli ya san ba sharri ta yi musu ba.

"Taso, gani ya kori ji," in ji Kaka.

Ya bi ta bayan gida. Rassan ɓangaren rafi an yi musu ƙarƙaf, ƙasa duk duwatsu da sanduna. Na ɓangaren tudu kuwa sun rusuno da 'ya'ya, sun nuna jawur. Ya tsaya baki sake, daɗi ya cika shi.

"Rabon da in ga nunanne a reshen nan tun kana yawo ba wando," in ji ta. Ta turo masa kwando da ƙafa. "Tsinka ka kai wa 'yan ajinka. Koriyar rigar Auta kuma tana wurin tela tun makon jiya."

"To me ya sa kika bar ni ina ta zuba?"

Kaka ta yi dariya har dasashinta ya bayyana.

"Rediyona ce ta lalace."