Rasuwar Gwaggo, Wadda Aka Tsayar Wa Fanka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ba ta kwanta ba, nake sanar da rasuwar kwamfutar shagona, wadda kowa ya sani da Gwaggo. Ta cika ranar Talata da rana, tana da shekara goma sha ɗaya a kan teburi ɗaya.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ta sha ƙura, ta sha ɗaukewar wuta, ta taɓa shan shayi ma, ba ta yi ƙorafi ba. Aibinta ɗaya ne, fankarta. In zafi ya taso sai ta kama “guuurrr, guuurrr” har mai ɗinki na gefenmu ya ji. Ni dai wannan ƙarar numfashinta ce a wurina.

Ranar Litinin ta yi tsit, na ce tsufa ya koya mata kunya. Ashe cutar ajali ce. Mai gyara ya buɗe ta, ya ce fankar lafiyarta ƙalau. Wani ne ya bi ta babbar manhaja, ya aika wa fankar umarni kai tsaye cewa kada ta ƙara juyawa. Gwaggo mai biyayya ce, ta bi, ta dahu a ciki tana shiru.

Ba na zargin kowa. Sai dai mutum uku suka san kalmar sirri: ni, da uwargidana, da ƙanenta Injiniya, wanda yake barcin rana a bencin shagona, yake kuma cewa ƙarar tana hana shi runtsawa. Ranar Litinin ya yi barci har la'asar. Uwargida ta ce in na ƙara kallon ƙanenta da wutsiyar ido, in nemi inda zan riƙa cin abinci. Shi ya sa ba na zargin kowa.

Ta rasu ta bar firinta ɗaya, da linzamin kwamfuta gurgu, da ayyukan ɗalibai goma sha shida a cikinta, waɗanda na yi alkawarin miƙawa jibi. Ban san da wane ido zan dube su ba.

Za a kai ta ƙarƙashin kantar shago gobe da hantsi, bayan mai gyara ya ciro ma'ajiyar bayananta, inda ya ce an rubuta sa'ar da aka ba da umarnin. Za a zauna gaisuwa a shago, a kan bencin nan. Wanda bai zo ba, mun gane. Wanda ya riga kowa zuwa yana tambayar me mai gyara ya gano, shi ma mun gane.