Jatau da Kalmar Ribiyu

A Tudun Gabas akwai wani manomi, Jatau, yana zaune da matarsa Ladingo da tsohuwarsa. Mutum ne mai son jin sabuwar kalma, sai dai yadda aka faɗa masa magana haka yake ɗaukarta.

Wata rana a ajin yaƙi da jahilci, Malam Shekarau ya ce kowa ya je gida ya yi wa darasin jiya ribiyu.

"Malam, mene ne ribiyu?"

"Turanci ne. Ka sake bi ta kan abin da aka riga aka yi, ka ga ko da gyara."

Jatau ya shimfiɗa littafinsa a tsakar gida, ya yi ta binsa da ƙafa, gaba da baya. Washegari ya kawo shi duk sawu. Malam ya dafe kai.

"Da ido ake bi, Jatau, ba da ƙafa ba!"

Wata rana Ladingo ta gama dakan yaji, ta ce, "Maigida, duba mini ko ya yi laushi." Jatau ya durƙusa, ya kai idonsa bakin turmi, ya bi ta kan yajin a hankali. Ihunsa har masallaci. Kwana uku tsohuwarsa na wanke masa ido, shi kuwa tambayarsa ɗaya:

"Iya, su Turawan idonsu ba ya jin yaji ne?"

Wata rana aka gama ginin kwalbatin hanyar kasuwa. Jatau ya ji Malam na gaya wa dattawa gobe za a yi wa aikin ribiyu kafin a buɗe wa motoci. Ya ce a ransa ido dai ya tuba, ƙafa kuwa ta yi wa wannan aiki kaɗan. Da hantsi ya ɗaura shanunsa a amalanke, ya loda yashi, ya hau bin kwalbati. A bi na huɗu siminti ya ce ƙas, ya rufta da ƙafar amalanke.

Jama'a suka taso da faɗa. Mai gari ya leƙa ramin, ya ga babu rodin ƙarfe ko ɗaya a ginin. Jibi motar 'yan kasuwa za ta bi nan cike da mata. Masu faɗa suka koma salati.

Jatau ya karkaɗe riga, ya hango Malam Shekarau cikin jama'a.

"Malam, da gyara ko babu?"

"Da gyara, Jatau."