Shafi na Ɗaya Kusa da na Sha Shida

Ba zan taɓa mantawa da ranar Talatar da na tara wa mai madaba'a jama'a a Ikara ba. Ni ne sakataren kwamitin Islamiyyarmu ta Paki, kuma ni aka ɗora wa buga ɗan littafin walimar saukar karatu, shafi goma sha shida. Ni mutum ne mai son tsari (ko takalman 'ya'yana daga babba zuwa ƙarami nake jera su), don haka da hannuna na sa wa kowane shafi lamba kafin in kai wa Malam Haruna, mai madaba'ar.

Saura kwana uku walima na leƙa in ga aiki. Malam Haruna ya fita sayen tawada, amma ga takardunmu jibge gefen inji, manyan fallaye kamar tabarmar sallah. Na ɗaga guda, sai gabana ya faɗi. Shafi na ɗaya na manne da na sha shida. Na huɗu na kusa da na sha uku. Na takwas kuwa, mai hoton babban malaminmu, kai a ƙasa, rawani na kallon ƙafafuna. Na duba falle ashirin, duk haka.

Da farko na ja jan biro na zagaye kowane kuskure. Daga nan na kira shugaban kwamiti, Alhaji Bala, wanda kuma surukina ne, na ce ya hau mashin yanzu, an kashe mu. Sannan na kira tela da mai shayi na maƙwabta su zama shaida.

Alhaji Bala ya iso ke nan, Malam Haruna na shigowa na tare shi: "Malam, ko ɗan aji ɗaya ya san bayan ɗaya biyu ce. A fasa farantin bugun nan, a sake bugu, a bi lamba!"

"Malam Sakatare, ai ba a ninke ba," in ji shi.

"Ba ninki na tambaye ka ba. Alhaji, dubi yadda aka kifa Malam."

Malam Haruna ya karɓi fallen da na cika da jan biro, ya ninka sau ɗaya, sau biyu, sau uku, ya sa a injin yanka ya datse gefuna, ya miƙo min da hannu biyu. "Bismillah, a ƙirga mana."

Na ƙirga, kuma da ƙarfi (wallahi ina addu'ar in sami ko da kuskure guda). Ɗaya, biyu, uku. A na takwas ga Malam zaune daram, rawani a sama, da jan da'irata a wuyansa. Ina kaiwa sha ɗaya muryata ta shige ciki, sai mai shayi ya karɓa ya ƙarasa min har sha shida, tela na tafa masa.

Alhaji Bala ya kakkaɓe ƙurar hanya daga hularsa, ya ce, "Yanzu don wannan ka taso ni daga gona? Haruna, in da hali ka ninke mana shi shi ma."

Tun daga ranar, duk aikin da ba nawa ba ne, sai na tambaya ko an gama kafin in nemo shaidu. Kuma ba na kiran mai shayi.