Lauyan Misfala a Gidan Biki

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da na gama sakandare a Makka, lokacin da ƙaiƙayin zama lauya ya hana ni sakat. Ko jami'a ban zaɓa ba, amma samarin unguwarmu Misfala sun fara kirana "Lauya" (ni na roƙe su, gaskiya).

Jami'o'i biyu nake dubawa. Yayana Bashir ya ce in ɗauki wadda ke da murshid, wato malamin da ke ba masu son aikin lauya shawara, in ma je in gan shi tukuna. Na ce Allah ya kiyaye. Ni da ko a layin burodi ba a kayar da ni a gardama? Ɗayar nake so, don gininta ya fi kyau.

Ana nan sai aka yi bikin wani ɗan'uwanmu a unguwar Zahir. Ana jiran shinkafa, na kasa zaune na kasa tsaye, ina neman wanda zan cika wa kunne. Sai ga wani dattijo kusa da Baba yana kurɓar gahawa. Na zayyana masa komai: ofis a unguwar Aziziyya, sunana a ƙofa, manyan shari'o'i. Baba sai murmushi yake, yana duban mutane.

"Ya waladi, ɗana, ka yi shawara da murshid?" in ji dattijon.

"Haba ya ammi! Murshid ai shan shayi ne aikinsa. Wanda ya kasa zama lauya shi ke zama murshid."

Bashir ya taka mini ƙafa. Na janye, na ci gaba da zuba.

Dattijon ya ce, "To, ɗan ƙasa ne kai, ko da iƙama kake zaune, takardar zaman baƙi?"

"Iƙama, amma a nan aka haife ni."

"Ba a ba mai iƙama lasisin lauya a ƙasar nan. Shi nake fara gaya wa duk wanda ya shigo ofishina, kafin in zuba masa shayin."

Ashe shi ne murshid ɗin! Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Baba ya sunkuyar da kai, kuma kunyarsa ta fi tawa yi mini ciwo.

Bayan biki na kai kaina ofishinsa ina sanɗa. Ya ce in karanta Shari'a a jami'arsu, sannan in nemi hanyar lauyanci a Najeriya. Ya zuba mini shayi, na shanye ba gardama.

Baki shi kan yanka wuya. Yanzu kafin in zagi wata sana'a, sai na tambayi na kusa da ni me yake yi.