Taken Alhaji Sallau a Bakin Na'ura

Ni dai ban taɓa ganin mutumin da kayan sauti suka shiga ransa kamar Alhaji Sallau ba. Ɗan mahauta ne gaba da baya, amma tun da Allah ya buɗa masa ya fara kai shanu Kudu, duk tafiyar da ya yi sai ya dawo da wani abu mai ƙara. Akwai butar shayin da ke rera waƙa in ruwa ya tafasa. Akwai wata hula mai rediyo a ciki, wadda ya sa ya je ɗaurin aure, ana tsakiyar addu'a ta fara karanto farashin masara. Duk mun haƙura da waɗannan, tunda ba su taɓa abincin kowa ba.

Wadda ta taɓa abincin wani ita ce ta bana. Wata na'ura ce mai siffar kabewa, jikinta duk fitilu, ja da kore suna ta ƙyafta ido. In ka yi kiɗa sau ɗaya a gabanta, ta haddace ke nan, sai ta yi ta maimaitawa har ka gaji. Tana da maɓallin tafi, tana da na guɗa, har da wani da ke fitar da hayaƙi, wanda har yau ban san amfaninsa ba. Alhaji ya raɗa mata suna Makaɗin Zamani.

To gidan nan kuwa yana da makaɗinsa, Nomau mai kalangu, wanda ya gaji kiɗan gidan daga ubansa. Sauran gidajen da ke kiransa duk sun koma wa masu kiɗan kwamfuta, na Alhaji kaɗai ya rage masa. Shi kalangu magana yake yi. Kowane babban mahauci yana da takensa, kiɗan da ke kiran sunansa ya faɗi halinsa, kuma tsofaffin mahauta suna jin abin da fatar ke faɗa kamar yadda kake jin Hausa. Alhaji bai taɓa zama ya koya ba. In ana kiɗa sai ya lumshe ido yana gyaɗa kai, kai ka ce shi ya tsara.

Ana saura kwana uku ya buɗe sabon shagonsa na nama mai firji, ya aika aka kira Nomau. Ina zaune a zauren.

"Baba Nomau, girma ya zo maka," in ji Alhaji. "Tsayuwar rana ba taka ba ce yanzu. Kaɗa wa wannan takena sau ɗaya, shi ke nan ka huta."

Nomau ya daɗe yana kallon kabewar nan. Ya ce, "Alhaji, wannan hutun na ranar buki ne, ko na gaba ɗaya?"

"Ai ka gani da idonka. Ba ta gajiya, ba ta ciwon kafaɗa, ba ta cewa matarta ba lafiya."

Wallahi na ji tausayin tsohon nan.  Shi kuwa sai ya gyara kalangu a hammata, ya matsa igiya, ya zuba kiɗa mai daɗi har sai da Alhaji ya lumshe ido. Da ya gama ya saɓa kayansa ya fita, ko shayin da aka kawo masa bai taɓa ba.

Ranar buki da hantsi layin da shagon yake ya cika. Sarkin Fawa da dattawansa suna kan kujerun gaba, 'yan kasuwa a baya, mata masu sayen nama sun yi cincirindo a gefe. An ɗora na'urar kan tebur mai mayafi, an jona ta da manyan lasifikoki guda shida. Nomau ma ya zo, ba kalangu, ya raɓe a gindin dalbejiya da hannuwansa a baya.

Alhaji ya yi jawabi kan ci gaba, ya ce zamani ya wuce a riƙa wahalar da tsofaffi. Sannan ya danna maɓalli, kiɗa ya tashi har unguwa ta uku. Ya lumshe ido ya fara gyaɗa kai.

Sarkin Fawa ne ya fara jan rawani ya rufe baki. Na kusa da shi ya sunkuya kamar takalminsa ya kwance, kafaɗunsa suna rawa. Kafin kiɗan ya zagayo sau uku, layin dattawa duk ya tarwatse da dariya. Wata tsohuwa mai sayar da ƙafar saniya, wadda ita ma 'yar mahauta ce, ta ɗauki amshi da baki tana bin kiɗan daidai:

"Sallau gwanin awo, tsoka a sama, ƙashi a ƙasa."

Matan nan kuwa kamar jira suke, don babu wadda ba ta taɓa kai ƙullin naman Alhaji gida ta kwance ta yi salati ba. Nan take suka karɓe. Alhaji ya buɗe ido, ya ruga zai kashe na'urar, ya danna maɓallin guɗa. Ya sake dannawa, ta yi tafi. Ya fizge waya daga bango, ashe akwai batir a cikinta. Da ƙyar aka lulluɓe ta da buhu aka shige da ita cikin shago, tana kiɗa tana hayaƙi.

Alhaji ya nufi gindin dalbejiya, gumi har cikin ido, jama'a na biye da shi.

"Nomau, abin da za ka saka mini da shi ke nan? Don na ce ka huta, sai ka ƙirƙiro zagi ka cusa wa na'urata?"

"Ban ƙirƙiri komai ba, ranka ya daɗe. Takenka ne. Shekara ashirin da shi nake yi maka, kana ba ni riga."

"Ƙarya kake. In shi ne, me ya sa ban taɓa ganin an yi dariya ba sai yau?"

Nomau ya ce, "Ai ni ina da kunya, Alhaji, a kunnenka nake faɗa maka. Kai ka je ka sayo wadda ba ta da ita, ka ƙara mata baki shida."