Yadda Za Ka Rufe wa Allurar Zafi Baki, Irin na Otakar

Laifin da zan yi wa bulala yau shi ne ƙin mai faɗa maka gaskiya, ko da mai faɗin wata 'yar allura ce da ba ta kai tsinken ashana ba. Sai dai na lura mutanen yanzu in ka ce musu bari, ƙara wuta suke yi. Don haka na sauya dabara, zan koya maka yadda ake yi. Shekara arba'in da shida ina dalmar lagireto a gefen filin jiragen ƙauyenmu a Morabiya, boko kuwa ban yi nisa ba, amma ga alkawari: ka bi matakan nan, allurar ma'aunin zafin injin jirginka ba za ta sake taɓa ja ba. Otakar ya gwada, kuma ba ta taɓa ba.

Mataki na 1: Ka ɗaure kanka da rana

Otakar tsohon direban bas ne. Shekara goma sha ɗaya yana haɗa jirgi mai kujera biyu a garejin gidansa, gangunan da matarsa Jarmila ke jiƙa kabeji a ciki kuwa suna kwana a waje, ruwa da ƙanƙara duk a kansu. Wata Lahadi, da baƙi zaune a teburin abinci, ta ajiye cokali.

"Otakar, abin nan na gareji, tsuntsu ne ko kaza?"

"Jirgi ne, Jarmila."

"Kaza ma fiffike gare ta. Ranar bikin coci na kaka, in bai tashi ya zaga hasumiyar coci ya dawo da ƙafarsa ba, ka miƙo mini mabuɗin gareji."

Ya doki tebur ya ce ya yarda. Kai ma haka za ka yi, a gaban shaidu, bayan kofin giya na uku. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma masu wannan magana ba su da mata irin Jarmila.

Mataki na 2: Ka samo injin da ba ya yafiya

Ka je bola ka ciro injin rotari daga tsohuwar motar tsere. Shi ba fistin gare shi ba, wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake juyawa a ciki. Ga ƙanƙanta, ga ƙarfi, ga zafin rai. Jikinsa faifai-faifai ne, alminiyom da ƙarfe, an jera su da zoben roba a tsakani don tsare ruwa. Sau ɗaya tak ruwan ya tafasa, faya-fayan su karkace, robar ta soye, shi ke nan. Wannan kada ka karanta shi sau biyu, zai ɓata maka rai.

Mataki na 3: Ka zaɓi kyau

Lagireto babba yana sa hancin jirgi ya yi kama da na alade. Otakar ya sa ɗan ƙarami na babur, ya matse ƙofar iska har sai da hancin ya yi tsini. Ranar Asabar da ya jawo shi fili, 'yan kulob ɗin masu jirage suka bar gashin tsiran alade suka zagaye shi suna shafawa. Kyan ɗan maciji ke nan, amma kai ka tsaya a kan kyan.

Mataki na 4: Ka kori tsoho

Ma'aunin zafi abu biyu ne: allura a gabanka, da wani ɗan yatsan ƙarfe da ake tsomawa cikin ruwan daidai inda yake fitowa daga inji, inda ya fi zafi. Otakar ya tayar da inji a ƙasa, minti shida allura ta wuce tamanin, ta wuce casa'in, ta doshi ja. Ya ƙwanƙwasa gilashin da farce. Ba ta sauko ba. Sai ya aiko a kira ni.

"Baba Vendelin, ma'aunin nan na jabu ne ko?"

"Lafiyarsa lau. Lagiretonka ne yaro. Ka sa babba, ka buɗe hanci."

"Kwana nawa?"

"Zuwa bazara."

"Saura sati uku biki, Baba."

"To ka je ka ba Jarmila haƙuri."

Ya dube ni kamar na ce ya sha man birki. "Ku tsofaffi, da taku ce, da har yanzu jaki muke hawa."

"Jaki in ya ji zafi tsayawa yake yi," na ce masa, na ɗauki hulata.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Amma kai ba tsira kake nema ba, gareji kake nema.

Mataki na 5: Ka matsar da yatsan

Nan asirin yake, ka natsu. Ruwa yana fita daga inji da zafi, ya ratsa lagireto, ya dawo da sanyi. To me ya sa za ka tambayi mai fushi labari, alhali ga wanda ya huce? Otakar ya ciro yatsan daga bakin inji, ya dasa shi a tiyon da ruwa ke dawowa, can sama inda sifana ke kaiwa ba wahala. Ya tayar. Allura ta kwanta a saba'in da biyar kamar jaririn da ya ƙoshi. Ya zauna yana kallonta har idonsa ya kawo ruwa. Shekara goma sha ɗaya babu abin da ya taɓa yarda da maganarsa a gidan nan sai ita.

Mataki na 6: Ka shagaltar da mai duba

Injiniya Hedvika ce ke sa hannu kafin jirgin haɗin gida ya tashi, kuma ba a saye ta da kek. Ka gyara mata komai da gaskiya, yatsan kawai za ka naɗe da bargon tiyo. Awannin gwajin da za ta ɗora maka, ka yi su da sanyin safiya, ƙasa-ƙasa, kada ka taka wuta. Ta buɗe littafin gwajin Otakar ta bi lambobin da biro.

"Saba'in da biyar, saba'in da biyar, saba'in da shida. Malam Otakar, rotari ne wannan ko firji?"

"Hannu ne, Injiniya."

Ta daɗe tana kallon hancin jirgin. "Kafin ka hau sama sosai, ka kawo shi in kwance murfin gaba ɗaya. Litinin."

Biki Lahadi ne. Ka ce to.

Mataki na 7: In allura ta sauka, ka yi murna

Ranar biki rana ta buɗe, irin zafin nan na ƙarshen kaka. 'Yan kakaki suna busa a dandali, 'yan mata sun sha ado, Jarmila na tsaye bakin coci ta harɗe hannu. Mu muna rumfar kulob kusa da rediyon magana da jirgi. Otakar ya taka wuta har ƙarshe, ya ɗaga hanci, don yana so ƙauye uku su gan shi.

Can sai muryarsa. "Baba Vendelin na nan? Ku gaya masa saba'in. A'a, sittin da biyar. Sauka ma take yi."

Na karɓe abin maganar. "Otakar, kana jin wani ƙamshi mai zaƙi?"

"Kek ɗin biki ne."

"A sama? Gilashinka fa?"

"Ɗan raɓa ne."

"Rage wuta ka juyo. Ruwanka ya tafasa ya gudu. Yatsan nan iska yake aunawa."

"Baƙin ciki dai, Baba. Hamsin da biyar."

Ka koyi wannan amsa, ta ƙwararru ce. Rotari kuma yana da kunya, ba ya ƙara, ba ya buga ƙarfe. Juyawa zai ci gaba da yi, ƙarfi na zarewa a hankali, har ka ga hasumiyar da ka zo zagawa ta fi ka tsawo.

Mataki na 8: Ka zaɓi gona

Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo. Fili ya yi nisa, dama daji, hagu wayoyin lantarki. Saura gona ɗaya shimfiɗaɗɗiya a bayan coci, kuma ya san ta sarai, don shi ya zuba mata taki. Ƙafar gaba ta nutse, jirgin ya tsaya a kan kyakkyawan hancinsa, wutsiya na nuna sama. Otakar ya rarrafo, haƙora biyu a tafin hannu. 'Yan kakaki suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya.

Jarmila ta riga kowa isa. Ta shafa kansa, ta murɗa wuyansa dama da hagu, ta ɗaga hannuwansa, sai da ta tabbata komai na motsi. Sannan ta dubi kabejinta, ta buɗe masa tafin hannu.

"Jarmila, allurar fa ba ta taɓa ja ba."

"Na gani. Mabuɗi."

Babu ruwana

Ni Vendelin ban aike ka ba. Alkawarin da na yi a kan allura ne, ban ce komai game da jirgi ba. In ka bi matakan nan ka wayi gari a gonar wani, kada ka zo shagona, kada ka turo matarka, kada ka ce a rubuce ka gani. Wanda bai ji bari ba, zai ji hoho, ni kuwa hohona ya ƙare a kan Otakar.

Ga abin da ya rasa, ka ƙirga da yatsunka: inji ɗaya da ya karkace har ba ya gyaruwa, farfela, ƙafar gaba, haƙora biyu, takardar tuƙin da Injiniya Hedvika ta karɓe tun kafin Litinin, kabeji ɗari biyu da goma sha huɗu, shekara goma sha ɗaya, da gareji. Ma'aunin kaɗai ya fita lafiya. Jarmila ta kafa shi a bangon garejin, yatsan cikin gangar kabeji, kuma kullum da safe Otakar take aikawa ya karanto mata.